Jan Fitsarin da Na Raina

Ba zan taɓa mantawa da watanni bakwai da na yi ina shan maganin cutar da ba ita ke damuna ba. Kafin lokacin, na yi imani cewa jini a fitsarin namiji tsargiya ce kawai. Mu da muka tashi a unguwar Mafoni muna wanka a kogin Ngadda, wanda fitsarinsa bai yi ja ba shi ake yi wa dariya. Digiri biyu na yi, amma ko ɗaya bai girgiza wannan imani ba.

Da jinin ya dawo ina da shekara arba'in da shida, babu zafi ko kaɗan, sai na sayi ƙwayar tsargiya a kemis. Ya ɗauke, ya dawo, na sake saye. Wata safiya na manta ban kora ruwa a bayan gida ba, matata ta gani.

Ta ce, "Malam, yaushe rabonka da shiga kogi?"

Na ce, "Shekara talatin."

"To, kogin ne ya biyo ka ofis?"

A asibiti aka auna fitsarin: akwai jini, babu ƙwan tsargiya. Hoton mara ya nuna wata inuwa a cikin mafitsara. Likitan, wani dattijo ɗan kudancin Borno, ya ce sai an zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari, ya gani da idonsa.

Na ce, "Likita, babu wata hanya?"

Ya ce, "Malam, Allah ya riga ya yi ƙofa. So kake mu fasa katanga?"

Na kwanta ya zura bututun, ina ƙirga katakon silin, har ya juyo mini da allon da ke nuna hoton kyamarar. Na ga wani tsiro kamar furen zogale yana lilo cikin ruwa. Na ce abin da kyan gani. Ya ci gaba da juya kyamarar.

Bayan kwanaki aka yi mini allurar barci, aka kankare tsiron, aka kai ɗakin bincike. Mako biyu muka jira sakamako: ciwon daji ne, amma bai ci cikin bangon mafitsarar ba. Likitan ya ce da na ƙara wasu watanni bakwai, da hirarmu ta bambanta.

Na koyi cewa rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce. Har yau ina komawa a zura kyamarar, kuma ba na kora ruwa sai na duba.