Malam Sidi, wanda ba ya kashe aikin mutum sai ya yi masa sallama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina sa takalmi da safen nan ɗansa ya kira ni. Malam Sidi ya rasu bayan Asuba.

Ba shi ya koyar da ni a aji ba. Makwabcinmu ne a Gidan Dare. Tun zamanin soja yake kula da wata babbar kwamfuta ta jami'a, injin Unix da aka sayo da kuɗin mai. Da na gama digiri bara na samu aikin kula da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin majiyyata, a wani ƙaramin asibiti, shi na riƙa kai wa kuka.

Shi ya ba ni kujera a zaurensa. Ko tambayar banza na yi, bai taɓa yi mini dariya ba.

In na ce injin ya yi nauyi, sai ya ce, "Mi kag gani? Ba abin da kaka zato nika tambaya ba. Je ka duba memori, duba faifai, duba wa ka cin mi."

Yana da doka: ba a kashe aikin da ke gudana a inji sai an nemi mai shi. Ya ba ni labarin ranar da aikin wani ɗalibi ya cinye memori, wato ƙwaƙwalwar injin, duka, wani hafsa na tsaye a kansa yana cewa a kashe. Malam ya hau babur har Ƙofar Atiku ya nemo yaron tukuna.

"Aikin mutum na," in ji shi. "Ba a shiga mai ba sallama."

Ranar Juma'a na gan shi na ƙarshe. Na gaya masa sabarmu tana yin sanyi kullum bayan Azahar, nas-nas suna jira kafin fayil ɗin majiyyaci ya buɗe. Oga ya ce in ban gano dalili ba zuwa Litinin, wani zai kira a madadina.

Ya yi dariya yana tari. "Kai dai da tsoro, ɗana! Kak ka kashe komi. Nemo mai cin, ka taho mu gani."

Jiya na gano shi. Wani aiki ne da ke ta kumbura har ya cika memori, injin ya koma jingina da faifan ajiya, wanda ba shi da sauri. Wanda ya kunna shi ya bar aiki a asibitin tun kafin a ɗauke ni, layinsa ba ya shiga. Ban san abin da yake riƙe da shi ba. In na kashe, ban san fayil ɗin wa zai tafi ba.

Yau na yi niyyar zuwa zaure da amsar.

Aikin yana nan yana ci. Babu mai shi da zan yi wa sallama, babu Malam da zan tambaya. Gobe Litinin.

Allah Ya gafarta maka, Malam, Ya yalwata kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu. In da saura, ku sa ni.