Ludayin da Bai Iya Hurawa Ba

A gidanmu na Ƙofa, in sanyi ya shigo, murhun Iya Gambo ne majalisarmu. Kakata ce ta wajen uba, tsohuwa mai faɗan tsiya da hannun kyauta. Da an idar da isha'i za ta tura karan dawa a wuta, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana: "Maigida, ko cefane ba ka kawo ba, amma ka fi kowa tare wuta." Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai shimfiɗa mata tabarma?" Mu haɗa baki mu ce, "Mu ne, Iya!"

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wata mace da aiki ya sha wa kai, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga ɗan yaye. Wata rana a bakin rijiya ta ɗora wa wata tsohuwa tulu, tsohuwar ta saka mata da ludayi, ta ce shi da kansa zai riƙa ba yaron kunu. Haka kuwa aka yi. Ta dama ta ajiye ta tafi aikinta, in ta dawo ƙwarya fes. Tana ta murna, yaro kuwa sai ramewa yake. Ran nan ta laɓe. Ashe da zafinsa ludayin ke kai kunun bakin yaro, yaro ya kau da kai, kunu ya zube, kaji su yi biki.

Na ce, "Iya, ludayin mugu ne ke nan?"

Ta ce, "A'a, maigida, aikinshi ya yi. Bakin hurawa ne Allah bai ba shi ba." Ni a lokacin haushin kajin kawai na ji.

Yanzu malamin aji biyu nake a wata firamare wajen Kaikai. Bara aka kawo mana kwamfutocin hannu na koyon karatu, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsu. Yaro ya ga harafi, ya ji sunansa, in ya taɓa amsa daidai na'urar ta yi masa tafi. Har masu fashin makaranta suka riƙa riga ni zuwa.

A ajin akwai Dije, ƴar makiyaya. Mahaifinta ya ce mini in damina ta faɗi ba ta iya karatu ba, gara ta koma bin awaki. Sai ga shi ita ce ta fara gama darussan na'urar kaf. Har na shirya kai masa albishir, sai na rubuta "saniya" a allo na ce ta karanta. Ta ɗora yatsa a kan allin, ta tsaya tana jira.

"Malam, wannan ba ya tafi."

Na ce, "Da can ya kike yi?"

"Taɓawa nike ɗaya bayan ɗaya, har ta yi tafin."

Sai na tuna da ludayin nan. Iya ta daɗe a kabari, Allah ya jiƙanta, amma ranar ce na gama jin tatsuniyarta. Na'urar ba ta cuci Dije ba, abin da aka sa ta ta yi.

Ban karɓe ta daga hannunta ba. Kullum in an fita tara muke zama ni da ita a inuwar dalbejiya. In ta kai yatsa sai in tsayar da ita in ce ta fara faɗa mini abin da ta gani. Wata rana ta yi kuka, wata rana mu yi dariya.

Hadari ya fara haɗuwa lokacin da mahaifinta ya zo, da sandarsa, ya tsaya a taga. Na rubuta wata sabuwar kalma. Dije ta bi ta harafi harafi, ta ce "makaranta", ta juyo tana duban fuskata. Na gyaɗa kai.

Mahaifin ya gyara riƙon sandarsa. Can ya ce, "Malam, awakin zan bi su da kaina."