Jar Roba a Motar Bulbul Aman

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Buni yana jiran motar Mastuj ya san Bulbul Aman, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai hular ulu a karkace, wanda kullum yake jingine da wata ƙaramar farar mota da direbobi suka laƙaba wa suna Akuya, don ba tudun da ba ta hawa, kuma ba ta hawansa da ladabi. Tun hanyar tana turbar alfadarai da aka ɗan faɗaɗa yake bin ta. Ya kai amare, ya kai gawa, ya ɗauki mata masu naƙuda zuwa asibiti, wasu ma ba su kai ba, a kujerar baya suka sauka, ga yaran nan yanzu da gemunsu suna ce masa Kawu. Bai taɓa jefa ko taya ɗaya a kogi ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

To, a 'yan shekarun nan duniya ta fara yi masa shiru. Ba rana ɗaya ta yi ba. Tsuntsaye ne suka fara ɗaukewa, ya ce ai sanyi ne ya kore su. Sai kogin nan da yake jin rurinsa tun yana goye ya koma kamar ana zuba ruwa a gidan maƙwabta. Matarsa Gulsambar kuwa, cewa ya yi tsufa ya koya mata magana a ciki. Wallahi abin bai dame shi ba, har daɗi yake ji. Yana tuƙi, duwatsu masu fararen kawuna suna binsa a hankali, gonakin alkama suna wucewa, mutanen bakin hanya suna buɗe baki suna rufewa, shi kuma yana ɗaga musu hannu. Wani lokacin sai ya ga kamar ba shi ke tafiya ba, kwarin ne ke tahowa wurinsa.

Abu ɗaya ne ya ci masa rai: injin ya ɓace masa. Mutumin da duk rayuwarsa da kunne yake sauya giya, yanzu sai ya ga fasinja sun yamutsa fuska kafin ya gane Akuya na kuka a giya biyu. A kwana kuma, da ya taka totur sai motar ta yi zillo, sandar giya ta ƙwace daga hannunsa, gabanta ya nufi inda ba a aike shi ba. Labari ya zaga tasha, daga tasha ya isa can birnin Karaci, inda ɗansa Zar Wali yake jan babbar mota. Sai ga Zar Wali ya diro gida da jakarsa.

Da safe suna shan shayin gishiri da gurasa, ɗan ya ce, "Baba, ka ba ni mabuɗin nan, ka huta haka."

Tsohon ya ci gaba da tsoma gurasarsa. Sai da Zar Wali ya maimaita da ƙarfi.

"Na ji ka tun farko, ba sai ka tara mana unguwa ba," in ji Bulbul Aman. "Kunnena ras yake. Motar ce ke da ciwo."

Gulsambar ta aje buta ta ce, "Laifi tudu ne! Jiya saniya na cin shanyar tuffa a bayanka, na yi ta kira har muryata ta dushe. Ita ma motar ce?"

"Ke dai ki riƙa buɗe baki in za ki yi magana."

Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce. Daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: tsohon zai gyara motar, sannan Zar Wali ya zauna a gefensa su je Mastuj. In tafiya ta yi kyau, ba mai sake tayar da zancen mabuɗi. In ba ta yi ba, mabuɗi ya sauya hannu. Tsohon ya ce ya yarda, amma tsoro ya kama shi ƙwarai, don bai san wane ne Bulbul Aman ba in babu sitiyari a gabansa.

Garejin Usta Mir Ajab yana bayan kasuwa, ƙarƙashin wata babbar bishiya. Tare suka yi ƙuruciya da Bulbul Aman, saboda haka ba mai raga wa wani. Usta ya buɗe bonet, ya sa shi ya taka totur ya saki, ya taka ya saki. Injin ya riƙa tsalle gaba da baya kamar saniyar da ba ta son tatsa.

"Zo ka gani, kurman banza," Usta ya faɗa a daidai kunnensa. Ya nuna masa wani gajeren ƙarfe da ya riƙe injin da jikin motar, kowane kai da robarsa. "Wannan shi ne linzamin inji. Ka tuna robar nan? Ni na yanka maka ita daga tsohuwar tayar tarakta, shekarar da ruwa ya cinye gada. Dubi yadda ta koma, sai ka ce ƙanzo. In ta mutu inji ya yi ta rawa, ya ja giya, ya ja gaban mota."

"Ka ji ko! Na ce musu motar ce."

"Ban ce ita kaɗai ba ce. To, in sake yanko maka taya, ko kuwa?" Ya shiga ciki ya fito da wasu robobi jajaye, masu tauri kamar ƙaho. "Daga birnin Feshawar aka kawo, samari ke rububinsu. Mota za ta miƙe kamar ta ci ɗamara, kwana kuwa sai yadda ka yi da ita. Amma fa duk tsumar injin cikin mota za ta shigo. Wani da na sa wa, washegari ya dawo, wai haƙoransa na kaɗawa. Fasinja za su zage ka tas."

"Ai ba ji zan yi ba," in ji Bulbul Aman, ya manta da cewa kunnensa ras yake. "Sa jar."

Usta ya kwance ƙarfen, ya ƙwaƙule matacciyar robar da ƙusa, ya goge ramin, ya shafa wa sababbin maiko, ya matse su ciki a hankali yana zagin wanda ya ƙera su. Ya mayar da ƙarfen, bai ɗaure notin tamau ba sai da ya girgiza motar, injin ya zauna a mazauninsa. Sannan ya yi masa alama da hannu ya tayar.

Allah sarki! Yana murɗa mabuɗi abin ya shigo masa ta tafin ƙafa. Wata 'yar tsuma ce, siririya, mai ɗumi, ta hau ƙwaurinsa, ta bi kujera ta shiga bayansa, ta fito ta sitiyari ta cika masa tafin hannu. Ya taɓa totur, ta ƙaru. Ya saki, ta kwanta. Injinsa ne, da muryarsa da komai, har da 'yar gardamar da yake yi in bai ɗumama ba. Sai ya tuna injin niƙan mahaifinsa na bakin rafi, wanda ruwa ke juyawa, yadda yana ƙarami yake kwanciya a ƙasan ɗakin, dutsen na juyawa, ƙasa na yi masa magana a haƙarƙari har barci ya kwashe shi, gari na sauka a gashin idonsa. Ya daɗe a zaune idonsa a rufe. Murna ta cika shi har hawaye suka zubo, Usta kuwa ya juya baya yana neman wata sifana da ke hannunsa.

Fasinja sun yi zagin, ba su rage ba. Wata tsohuwa ta rantse 'yan hanjinta sun sauya wuri, wani malamin makaranta ya ce ya sauka ƙafarsa na barci. Bulbul Aman sai murmushi. Giya ta daina ƙwacewa, motar ta daina zillo, ya koma sauya giya tun kafin injin ya roƙa. Ko a gida, in ya kwanta, yana jin tsumar a tafin hannunsa, ya yi ta mafarkin yana tuƙi a kan kogin kansa, ruwan na ɗauke da shi. Gulsambar ta ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Ya ga bakinta ya motsa, ya ce mata amin.

Ranar gwaji da hantsi suka tashi, su biyu kawai. Kaka ce, dogayen itatuwan bakin hanya duk sun zama ruwan ɗorawa, ganye na sauka a gilashi ɗaya bayan ɗaya, a kan rufin gidaje an shanya masara. Kogin yana can ƙasa, shuɗi, yana tafiyarsa shiru. Akuya ta shiga kwana ta fita kamar zare a allura. Tsohon bai ko kalli ɗansa ba, amma ta wutsiyar ido ya ga hannun da ya ƙanƙame ƙofa ya saki, ya ga Zar Wali yana girgiza kai yana dariya.

"Kai, Baba! Ashe da sauranka!" ya faɗa da ƙarfi.

"Kai dai zauna ka koyi aiki, ɗan Karaci. Ku da kuke tuƙi a kan faranti."

Daga nan hanyar ta tsuke, ta manne da jikin dutse, faɗin mota ɗaya, hagu bango, dama kuwa sai iska sai kogi. A irin wannan wuri ba a tuƙi da ido kaɗai. Kafin kowace makauniyar kwana direba zai danna hon, ya saurara. Wanda ya fara jin na wani shi zai raɓe a wurin kaucewa ya jira, kuma kowa da irin kiɗansa, har ana gane mai zuwa tun ba a gan shi ba. Bulbul Aman ya danna nasa, ya ji shi a tafin hannu. Ya ɗan saurara kamar yadda ya saba. Shiru, lafiya lau. Ya taka totur ya shiga.

Sai ya ga hannun Zar Wali ya fizgi birkin hannu. Shi ma ƙafarsa ta kai ga birki tun kafin ya san dalili. Motar ta tsaya cak, a miƙe, ba ta karkata ko kaɗan ba. A gabansa, hanci da hanci, ga jif ɗin Purdum, wani direba da shi da kansa ya koya wa tuƙi, cike da mata 'yan biki da jajayen mayafai. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe ko tafin hannu ba zai shiga ba.

Bai kalli kogin ba. Hannun Purdum ya kalla. Yana nan a tsakiyar sitiyari, danne da hon, har jijiyoyin sun fito, don firgici ya hana shi ɗagewa. Matan da ke gaba sun toshe kunnuwa da yatsu, tsuntsaye sun tashi daga jikin dutsen a guje. Bulbul Aman ya kasa kunne iya ƙarfinsa. Bai ji komai ba sai injinsa, yana ta bugawa a ƙafarsa cikin natsuwa.

Purdum ya diro a fusace, yana ganin wanda ke ciki ya haɗiye abin da ya kwaso. Ya sunkuyo ta taga, ya kai bakinsa daidai kunnen tsohon. "Kawu, tun daga gada nake danna maka! Tun daga gada, wallahi!" Ya share gumi. "Bari in ja baya, Kawu, ka wuce."

"A'a," in ji tsohon. "Wanda bai ji ba shi ke ja da baya. Ni na koya maka."

Ya sa giyar baya, ya ɗora hannu a kan kujerar ɗansa, ya waiwaya. Direbobin Buni har yau suna zancen ja da bayan da ya yi ranar: tayar dama na bin bakin ramin kamar an ja mata layi, tsakuwa na gangarawa ƙasa, motar ba ta yi ko gezau ba har ya shige wurin kaucewa. Jif ya wuce a hankali, matan suna leƙensa, wata tana tofa addu'a.

Zar Wali ya sunkuyar da kai, don shi ma ya so a ce ubansa ne ya ci. Tsohon ya shafa sitiyarin. Baƙin ciki ya kama shi, amma ba shi da wanda zai yi wa gardama. Bai kashe injin ba. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagaya ta gaba, ya tsaya a ƙofar ɗansa.

"Matsa can. Mabuɗin yana jiki."

Ya zauna a kujerar fasinja, inda bai taɓa zama ba tun da ya sayi motar. Ya rasa inda zai sa hannuwansa. Can sai ya sunkuya ya cire takalmansa, ya cire safa, ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a ƙasan motar. Zar Wali ya ja suka hau hanya, yana goge ido da hannun riga, har ya manta da giya.

Tsohon ya jingina kai, ya lumshe ido. "Sa mata uku mana," ya ce. "Tun ɗazu take roƙonka."