Kiɗan da Yaya Haruna Ya Bar Min a Kunne

Duk wanda ya zauna a layinmu na Ammariyya a nan Jidda ya san Yaya Haruna ba ya gaisuwa irin ta mutane. Ka yi masa sallama, sai ya cafke maka hannu, ya kawo baki saitin kunnenka, ya yi maka "tiri-ri-ram, tiri-ram", ya ce, "Riƙe min wannan, zan dawo in karɓa." Kafin ka ce uffan ya sha kwana, ya bar ka tsaye da kayan wani a ka.

Ku 'ya'yansa kun san shi da Ustaz, mai tsara kiɗa a gidan rediyo, wanda ke rubuta wa masu ud, garayar nan ta Larabawa, da masu kamanja, gogen nan na Turawa, abin da kowa zai kaɗa. Ni Hajara ƙanwarsa ce, wahalarsa na sani. Da safe yana wurin 'yan badujalar soja, da hantsi yana makaranta, da azahar rediyo, da la'asar gwaji da makaɗan Masar. Da talabijin ta shigo kuwa, sai abin ya zama hauka tuburan. Kiɗa ya faɗo masa a hanya, ba lokacin zama ya rubuta, sai ya juye wa duk wanda tsautsayi ya haɗa su. Mutanen unguwa kaf ya mayar da mu akwatunansa.

Kuma ya san gidan da ya fito, shi ya sa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ajiyar alhazai yake yi. Mutum ya sauka daga jirgin ruwa ya bar ƙunshinsa a ɗakinmu ya wuce Makka, ko bayan shekaru ya dawo zai tarar da ɗaurinsa yadda ya ɗaure. Da haka aka raine mu, ba a taɓa kayan ajiya, ba a kuma mutuwa da kayan mutane. To ni Yaya ya ɗora min tasa ranar lallena, na yi ta dakonta har furfura ta fara fito min. Zan zo kan wannan, ku fara jin ta wasu.

Kun tuna Am Salihu, Bayamanen nan mai sayar da ful, dafaffen waken nan, a bakin layi? Yaya ya ba shi tsakiyar wani dogon kiɗa da za a kaɗa a rediyo ranar Idi. Bawan Allah ya riƙe, ya riƙe, shiru, har tafiya gida ta kama shi. Yaya na jin labari ya bar makaɗa zaune da kayan kiɗansu, ya tari tasi sai tasha. Ya tarar mota ta fara motsi. Ya tattare riga ya bi ta da gudu yana ihu:

"Ya Am Salihu! Tsakiyata! Za ka tafi min da tsakiyata!"

Am Salihu ya leƙo ta taga ya rera masa iya ƙarfinsa, fasinjoji har da tafi. Yaya ya tsaya yana haki ya ce, "Ba haka na ba ka ba! Ka ƙara mata gishiri!"

"Wallahi ya Ustaz haka ta kwana a wurina," in ji Am Salihu. "In ba ka so, dawo min da ita!"

Da gishirin nata aka kaɗa ta ranar Idi.

Ummanku kuwa ga ta nan zaune, ta ƙaryata ni in ƙarya nake. Ranar sunan Safiya, sai da aka cinye rago aka wanke tukwane sannan mutumin naku ya shigo, takardun kiɗa a hammata, yana tambayar me ake yi gidan ya cika haka. Ummanku ta tashi da jegonta ta tare shi.

"Ya Abu Kamilu, 'yarka ce fa! Ko sunanta ka sani?"

Sai ya ɗaga yatsa. "Tsaya. Sake faɗa. Daga ''yarka ce fa', yadda kika hau ɗin nan kika gangaro."

Ludayi ta jefe shi da shi. Ba a daɗe ba muna zaune rediyo na yi, sojoji suka saki sabon kiɗan maci. Ummanku ta saki tsintsiya ta dafe ƙirji ta ce, "Jama'a, faɗana ne wannan! Faɗana ne da ƙaho!"

To ni. Ranar lallena da la'asar, ina lulluɓe, hannu da ƙafa a ɗaure, mata sun cika tsakar gida, sai ga Yaya ya kutso, mota na yi masa hon a waje. Raina ya yi sanyi, na ce tunda Baba ba ya raye, nasiha ya zo yi min. Ya durƙusa ya ɗaga mayafina, ya rera min wani abu a kunne, a hankali, mai sanyi, ba irin tiri-ram ɗinsa ba. Ya maimaita. Ya buɗe baki ke nan direba ya ƙwala, "Yalla ya Ustaz!" Ya ce, "Riƙe, Hajara, zan dawo." Ko Allah ya ba da zaman lafiya ban samu ba.

Haka na tare a unguwar Karantina da kayan Yaya a kaina. Kullum na idar da sallar asuba sai na yi bita. Ba na zama inda ake kiɗa, don kada nawa ya sha gishiri irin na Am Salihu. Bikin ƙawayena, ana cashewa ni ina lungu da yatsu a kunne. Mijina Malam Ilu ya ce an ba shi mata an haɗa masa da rediyo mai tasha ɗaya. Ranar naƙudar fari mata na cewa in yi salati, ina salati ina bitar kayan Yaya a zuci, don tsoro nake kada in tafi da shi.

Kuma kada ku ce ban nemi mayarwa ba!

"Yaya, karɓi kayanka."

"Bukra, Hajara, sai gobe. Ana jirana."

Na bi shi gidan rediyo, mai gadi ya koro ni. Wata Sallah na tare ƙofar gida na zauna daram, mutumin nan da girmansa ya haura ta soron maƙwabta. Na ji haushin Yaya, wallahi na ji, haushin da ban taɓa ji a kan kowa ba.

Sai da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, karo na farko ke nan da Jidda ta san inda Ustaz yake. Na je da rana tsaka, na ja kujera na tokare ƙofa.

"Yau ba bukra. Ba zan mutu da kayanka ba, kai ma ba za ka tafi ka bar min ba."

Na rera masa. Ya lumshe ido, yatsansa na motsi a kan bargo. Da na kai ƙarshe ya ce, "Ko gishiri ba ki ƙara ba."

"Ni 'yar Baba ce. Karɓi abinka."

Ya buɗe ido yana kallona. "In karɓi me? Ai naki ne. Gudummawar bikinki ce. Kowa ya kawo kwano da atamfa, ni na kawo abin da na iya. Ban gaya miki ba?"

"Ba ka gaya min ba!"

"Kayya. Ai na so in dawo."

Wallahi ba don gadon asibiti ba da na rufe shi da duka. Na yi masa tas, ina faɗa ina kuka, na lissafa masa bukukuwan da na yi da yatsu a kunne, har nas ta leƙo. Shi kuwa da ƙyar ya ɗaga yatsan nan nasa.

"Sake faɗa, Hajara. Daga 'ba ka gaya min ba'."

Bai kai Juma'a ba.

Har yau ina rerawa bayan asuba, sai dai yanzu ba tsoro, in na ga dama ma in ƙara gishirina. Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya yafe masa, ya ba shi zaman da bai taɓa samun yi ba a duniya. Abin da ya tura gaba na alheri, Allah ya sa ya tarar da shi a ɗaure yadda ya ɗaure.