Fatar kyarkeci a Maamobi

Ranar da muka je karɓar fatar kyarkeci a Maamobi, wata unguwa a birnin Ankara, har yau ba ta fita raina ba. A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina ƙaramin jami'i a ofishin kula da namun daji, kuma ni ne tafinta idan aiki ya kai mu Zango, wato unguwannin Hausawa.

Ku da kuka zo daga baya, ga yadda ake yi: idan aka ji akwai fatar dabbar da doka ta hana kashewa, sai a je da takarda, a rubuta inda aka same ta, a ɗauke. Mun ji cewa wani tsohon mafarauci, Baba Garba, yana da ta kyarkeci, wato karen dajin nan mai yawo garke-garke, wanda aka daɗe ba a gani a arewa ba.

Ni da shugabana, Oga Kwaku, muka same shi bayan la'asar a ƙarƙashin dalbejiya. Hadari ya haɗu, hayaƙin masu tuya ya kwanta a lungu. Na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya shiga ɗaki ya fito da fatar, ya shimfiɗa a cinyarsa. Baƙi, fari da rawaya, kamar an yayyafa.

"Ɗana, gaya wa Masa, ogan nan naka, ni na harbe ta," in ji shi. "Shanu suke ci, aka ce mu kashe. Uwar garken ce."

Oga ya ce in tambaya ko sauran sun ƙare.

"Ba su ƙare ba, tafiya suka yi. Kakanninmu sun ce akwai alkawari tsakaninmu: mu bar musu uwa, su bar mana 'ya'yanmu. Washegari da hantsi na ga sauran sun jeru a bakin kogi. Babu wanda ya gudu. Suka dube ni, suka shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya, ban ga sun fita a wancan ƙetaren ba. An ce akwai daji a ƙarƙashin kogin, babu bindiga."

Sai ya sunkuyar da kai ya yi kiransu, wata siririyar murya, huu, huu. Masu daka suka tsaya. Na rantse na ji ƙamshin ciyawa jiƙaƙƙiya a tsakiyar Ankara, har na manta ban fassara ba.

"Kullum ina nema mata gafara," ya ce. "In kun ɗauka, wa zan ba haƙuri?"

Na fassara. Oga mutum ne da ba ya tsallake doka. Ya daɗe yana shafa fatar, sannan ya ce in rubuta cewa kayan gwamnati ne, an ba Baba ajiya har ƙarshen ransa. Baba ya dangwala yatsa yana hawaye.

Bayan shekara huɗu ya rasu. 'Yarsa ta kawo mana fatar da kanta, a naɗe cikin farin ƙyalle.

Mun karɓi fatu da yawa kafin in yi ritaya, amma daga ranar ban ƙara miƙa hannu ba sai na zauna na ji yadda abu ya zo hannun mai shi. Dabbobi aka ɗauke mu mu tsare, amma mafi yawan aikin da mutanen da suka rasa su muke yi.