Mabiyiyar da aka bari a cikin yayata

Shekarun baya, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, yayata ta sunkuya za ta ɗauki buta a gidanta na Bungudu, sai ta kasa miƙewa. Cikinta wata biyar. Ni hutu na je, da littattafaina na koyon aikin jinya.

A ƙaramin asibiti aka yi mata hoton ciki, mai hoton ya ce mahaifa wayam take. To me na ji yana motsi ƙarƙashin tafin hannuna? Ban tambaya ba. Ni ko a aji ban iya ɗaga hannu.

A Gusau aka sake hoton. Ɗa yana nan, amma a wajen mahaifa, tsakanin hanji, kuma jini ya fara zuba ta ciki. Aka shiga da ita tiyata. Ɗan bai zo da rai ba.

Mahaifiyata ta iso daga Tsafe da wankakken zane don karɓar mabiyiya, a je a binne ta yadda aka saba. Ma'aikaciyar jinya ta ce an bar ta a ciki.

"Anka bar mi?" in ji Inna. "Macen da mabiyiya ba ta faɗo ba ai sai likkafani! Ke da kika yi boko, tashi ki tambayo."

Bokon nawa ma abin da ya ce ke nan: dole ta fita. Na duba littafina, na rufe, na sake buɗewa. Kwanaki ina bin likitar da ta yi tiyatar a baranda, in ta juyo sai in ce, "Ina kwana, Hajiya." Inna kuwa har ta fara maganar a mayar da yayata gida a yi mata jiƙo.

Yau yayata lafiyarta ƙalau, bayan watanni tana zuwa awo. Amma har yanzu gabana yana faɗuwa in na tuna saura kaɗan kunyata ta bari a ɗauke ta.

A wancan lokacin, likitar ce ta gaji da gaisuwata, ta ce, "Ƙanwata, faɗi abin da ke bakinki." Na tambaye ta dalilin barin mabiyiyar.

Ta ce, "Mabiyiyar ta kafe a jikin hanji da manyan jijiyoyin jini. Da mun ja ta, da jini ya ƙare mata kafin mu ɗinke. Jikinta zai shanye ta a hankali, mu kuma muna sa ido. Ki gaya wa Inna ba mantuwa muka yi ba."