Kawu Amma-Fa da Sabis ɗin Maƙabarta

Duk wanda ya san Kawu Bala ya san koren akwatinsa na ƙarfe da ke bayan ƙofa a gidansa na unguwar Abakpa, cikin birni. Tun ranar da ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa ya ɗaure shi da igiya, wai gobe zai koma garinsu, Dogon Marke. Goben nan ta daɗe ba ta zo ba! Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, don haka ni ke shan zancen kowace safiya.

"Hadiza, a can fa ba hayaƙin mota, ba hayaniya, ga nono da ɗuminsa." Sai ya ja gemu. "Amma fa babu asibiti."

"To ka zauna mana, Kawu."

"In zauna? In mutu a binne ni cikin mutanen da ba su san ubana ba? Amma fa..."

Da haka duk unguwa ta koma kiransa Kawu Amma-Fa, yana kuwa amsawa.

Akwai shekarar da ya ce zai gwada zaman ƙauye tun daga nan. Ya hana kunna fanka, ya shuka masara a tsakar gida, ya sayo akuya. Akuyar ta cinye masarar, ta haɗa da mayafin matarsa, Inna Rabi. Ana cikin wannan rigima aka ɗauke wuta, mako ya zagayo ba a dawo da ita ba.

"Kun gani?" in ji shi. "Gwamnati ma tana bayana!"

Muna ta dariya, mun ɗauka a nan abin zai tsaya. Kwatsam wata safiya ya tari mota, ya ce Inna ta biyo shi in ya gyara ɗaki. Mutumin nan hawan jini gare shi, kuma na san rafin garin: in ya cika da damina ba motar da ke haye shi. Na riƙe igiyar akwatin ina roƙonsa.

"Kawu, in ciwon ya tashi fa? Wa zai kai ka?"

"Ke, mala'ikan mutuwa ai ya san hanyar Abakpa ma. Sakar mini kaya."

Ya tafi, shiru. Na kira har na gaji, wayar ba ta shiga. Rannan ina wajen Inna sai ga kiransa, murya na yankewa: "Hadiza... ina maƙabarta..." Ɗif, ta katse. Ni kuma don ruɗewa na ɗaga murya, "Inna, Kawu yana maƙabarta!"

Wayyo! Inna ta zube tana salati, maƙwabta suka cika gida, wata har ta fara shimfiɗa tabarmi. Sai wayar ta sake ƙara.

"Wai kukan me nake ji? A duk garin nan, kan tudun bakin maƙabarta kaɗai ake samun sabis! Amfaninsa, kana waya kana tuna Allah. Amma fa akwai cinnaka."

Daga nan kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya hau tudun ya kira ni. In ya makara kaɗan, hankalina ya gama tashi ke nan. Kullum tambayata ɗaya, ya sha magani? Shi kuma ya hau ba ni labari: yana barci kamar jariri, tsofaffi na kiransa ɗan Malam Audu, ba mai ce masa Amma-Fa. "Amma fa ba tsiren unguwar Kawo. Kuma ba ke."

Abin da nake tsoro kuwa shi ya faru. Damina ta yi nisa, rafi ya cika, ciwon ya tashi, mota ta tsaya a wancan ƙetaren. Kafin mu samu hayewa an riga an rufe shi. Na isa da fushi a raina, ba zan ɓoye ba, fushi da shi da taurin kansa.

Wani tsoho abokinsa ya kai ni kan tudun, ya nuna mini daga nesa: ga kabarinsa can, jikin na mahaifinsa. Wayata da ta yi shiru tun a hanya ta soma ƙara a cikin jaka. Na ce, "Baba, ya yi wata magana?"

"Kalmar shahada ya yi, 'yata."

"Bai ƙara da komai ba?"

"Ko kaɗan."

A nan fushin ya tafi, kuka ya zo. Allah Ya jiƙan Kawu Bala, Ya yalwata masa makwanci kusa da wanda ya tafi nema. Ya ba shi gidan da ba zai duba ya ce amma fa ba. Amin.